Sukarin Hagg Mitwalli

"Lafiya lau na kwana, tunda ka tambaya. Ganin ka da safiyar nan ne dai ya fara ɓata min lafiyar."

Teta Ni'imat, wato Kaka Ni'imat, ce ke wannan magana daga barandar benenta, ta leƙo da kai ta tsakanin kayan shanya. A ƙasa cikin lungu jikanta Hazim ne tsaye, ya ɗaga kai sama, riƙe da kwali a hannu. Ɗalibin injiniyan saƙa ne, saura masa shekara guda ya gama jami'a. Duk faɗin garin Mahalla ba wanda yake jin daɗin tsokana kamar wannan tsohuwa, ita ma ba wanda zaginsa ke mata daɗi a baki kamarsa.

"To, sauko min da makullin ƙofa mana, Teta. So kike maƙwabta su ga kina wulaƙanta babban mutum?"

"Ina babban mutumin? Yana bayanka ne? Mene ne a kwalin?"

"Basbusa. Kek ɗin nan mai zaƙi da kike so."

"Saka a kwando. In ta iso lafiya sai in duba maganar makulli."

Ta zuro kwandon da take sayen burodi da shi, ya saka kwalin, ta ja igiya. Sai da ta buɗe ta ƙare masa kallo sannan ta sake leƙowa.

"An ci a hanya."

"Ɗanɗanawa na yi, kada a ba ki guba."

"Allah sarki, mai sayar da rai domin kakarsa. Kuma guba a gefen da ya fi gyaɗar almon ta taru, ko?"

Makulli dai ya sauko.

Ba zumunci ne ya kawo Hazim ba, kuma ita ma ta sani, don jikan da ya sayi basbusa ba Sallah ba, ba Maulidi ba, akwai abin da ke cin sa. Jami'arsu ba ta barin ɗalibi ya shiga shekarar ƙarshe sai ya yi koyon aiki a masaƙa lokacin hutun zafi. Kuma kowa ya san yawanci inda ka yi koyon, nan ake riƙe ka idan ka gama. Tun da aka tashi daga jarrabawa yake zagaya masaƙun garin nan da ƙafa, kuma ko'ina ya je tambaya ɗaya ce ke tarar sa a bakin ƙofa, wadda duk ɗan Mahalla ya haddace tun yana goye: "Daga ɓangaren wa kake?" Shi kuwa ubansa malamin firamare ne, bai san kowa ba sai yaran da ya zane. Abokansa duk sun samu wuri. Gurbi ɗaya ya rage da ya ji labari, a masaƙar tawul ta Hagg Mitwalli, wato Alhaji Mitwalli, kuma a makon nan za su rufe ɗauka.

Ya zauna a kan doguwar kujerar da ba ta taɓa cire wa leda ba, ita kuma ta zauna tana fuskantar sa, kwalin basbusa a cinya, ba ta ko yi masa tayi ba.

"To, Bashmuhandis," ta ce. Haka muke kiran injiniya in muna girmama shi, ita kuwa in ta faɗa sai ka ji kamar ta ce ɓarawon kaji. "Yaya aikin? An ba ka ofis mai sanyi, ko har yanzu ana share shi?"

"Ana yi masa fenti."

"Injiniyan saƙa wanda bai iya ɗaura maɓallin rigarsa ba."

"Ni inji nake karantawa, Teta, ba allura ba. Injin da zai saƙa abin da za ki shekara kina yi kafin ki gama hamma."

"To me ya hana injin ya ɗauke ka aiki? Na ji uwarka na cewa ka rubuta tarihin rayuwarka da Turanci ka rarraba. Wane tarihi gare ka? An haife ka, ka ci, ka yi barci."

"Na ci jarrabawa da daraja."

"Wa ya karanta takardar?"

"Mutum ɗaya na tabbatar ya karanta. Mai gadin wata masaƙa. Washegari da na koma, a cikinta na ga ya naɗe ƙosansa na ta'amiyya."

"Alhamdu lillahi, karatunka ya fara amfanar jama'a."

"Har hotona mai ya jiƙa."

"Ka ga ka yi ƙiba a karon farko. Ni dai shawarata, ka nemi tuktuk, keken hayar nan, ka riƙa ja. Ɗan maƙwabciyata Umm Sabir ko sunansa bai iya rubutawa ba, ga shi har ya yi aure."

"Tuktuk ɗin ma sai da wanda zai tsaya maka. Kuma in na samu, ke ce fasinjar farko da zan ƙi ɗauka. Taya uku gare shi, ba shida ba."

"Ja'iri. Lokacin da nake budurwa, in na bi ta titin kasuwa sai masu shago su manta ciniki."

"Tsoro ne."

Ta ɗaga silifa, ya kare kai da filo, ta mayar. Daga nan sai ya gyara zama, ya yi gyaran murya irin na mai shirin roƙo.

"Teta, Mama ta ce kin san Hagg Mitwalli."

Hannunta ya tsaya cak a kan basbusa.

"Uwarka bakinta ba shi da murfi."

"Waya ɗaya za ki buga. Ki ce, ga jikana nan zuwa. Shi ke nan. In mai gadi ya tambaye ni daga ɓangaren wa nake, in samu abin faɗa sau ɗaya a rayuwata."

"Ɗauki basbusarka."

"Kin ci rabi."

"Ɗauki rabin. Ni in kira Mitwalli? Mitwalli mai kunnuwa kamar hannun tukunya? Ka je ka ce daga ɓangarena kake, wallahi karnuka zai sakar maka."

"Me kika yi masa?"

"Ni? Ba abin da na yi masa. Gahawa na ba shi."

"Gahawa kawai?"

"Ba sukari."

Hazim ya saki baki. Mu nan gahawa marar sukari ta zaman makoki ce, ita ake zagayawa da ita a rumfar ta'aziyya. Ba a miƙa wa baƙon farin ciki ita, sai in shi ya nema da bakinsa.

"A wane zama, Teta?"

"Ranar da ya zo neman aurena."

"Inna lillahi!"

"Shi da ubansa da kawunsa, sun sha manyan riguna, sun cika mana ɗaki da turare. Lokacin injin saƙa biyu kacal gare su a bayan gida, amma yana tafiya kamar shi ya haƙa kogin Nilu. Babana, Allah ya jiƙansa, tela ne, ya ɗinka sabon labule musamman don zuwansu. Ina leƙe ta ƙofa, sai na ga Mitwalli ya miƙa hannu ya kama labulen nan, ya murza tsakanin yatsu, ya karkata ga kawunsa ya ce, 'Rabinsa ne auduga.' A gidanmu! A gaban babana!"

"Ai sana'arsa ce. Hannu ne ya saba."

"To ni ma hannuna ya saba. Na shiga kicin na zuba wa ubansa sukari, na zuba wa kawunsa, nasa finjalin kuwa na kawo masa shi baƙi ƙirin, ɗaci kamar maganin zazzaɓi. Ya kurɓa, kunnuwan nan suka yi ja. Ya dube ni, na dube shi, na ce, 'Allah ya ba da haƙuri.'"

"Kin yi masa ta'aziyya!"

"Ya yi rashi ai. Ya rasa ni."

Hazim ya dafe kai da hannu biyu. "Teta, kin san abin da kika zubar? Mutumin nan tawul ɗinsa har ƙasashen waje ake kaiwa. Da yanzu ni ne jikan mai masaƙa! Da ni ake wa layi ana cewa daga ɓangarena aka zo!"

"Da ba a haife ka ba, duniya ta huta."

"Da an haife ni. Kunnuwa kawai zan gada, kuma da kuɗi ana rufe su da hula mai tsada."

"Da wannan hancin naka kuma a haɗa da kunnuwan Mitwalli? Ungozoma da gudu za ta fita."

"Kika bar mai masaƙa kika auri mai guga."

"Na auri mai guga," ta ce. "Kakanka Sha'aban in ya goge riga, sai ka ji kunyar saka ta. Kuma bai taɓa murza labulen kowa ba."

A nan muryarta ta sauya. Ta rufe kwalin ta ajiye a gefe, ta dubi hoton marigayin da ke rataye saman talabijin.

"Bari in gaya maka, ɗan nan. Tun daga ranar nan ban taɓa neman ko zare a wurin Mitwalli ba. Shekarar da ƙafar kakanka ta kumbura ya kasa tsayuwa a kan guga, har 'yan'uwana suka ce in je, mutumin yana taimakon jama'a. Na ce a'a. Na yi wankau, na yi ɗinki, muka ci wake safe da yamma. Don kada wani ya buɗe baki a garin nan ya ce Ni'imat ta yi nadama. Ban yi ba. Yanzu Sha'aban yana kabari, sai in ɗaga waya in ce, Hagg, ka taimaka?"

Hazim ya zo da shirin zolaya har ta gaji ta yarda, kamar yadda ya saba karɓe mata kuɗin mota tun yana sakandare, amma wannan ba wurin zolaya ba ne. Kunya ta kama shi, tausayin kansa kuma ya taso masa, don ya san in gurbin nan ya wuce, shekara guda ce ta tafi, abokansa su gama su bar shi. Ya miƙe.

"Bar shi, Teta. Wallahi ban sani ba. Zan sake zagayawa."

"Ina kuma ya rage?"

"Akwai wata masaƙar safa a hanyar Tanta. Sun kore ni, amma mai gadin ranar daban ne da na yau."

Ya tsuguna a bakin ƙofa yana saka takalmi. Takalmin da ubansa ya saya masa na zuwa neman aiki ne, ga shi dunduniyar ta cinye ta gefe guda, gaban ya fara buɗe baki. Teta ta daɗe tana kallon takalmin.

"Kai, Bashmuhandis."

"Na'am."

"Wa ya sallame ka? Haka aka koya maka a jami'a, ka tashi babba na magana?"

"Kin gama ai."

"Ban gama ba. Waya dai ba zan buga ba, ko za ka mutu a nan."

Ta tashi da ƙyar tana dafa gwiwa, ta shiga kicin. Ya ji ƙarar murfin gwangwani. Ta fito da 'yar takarda a ƙulle, ba ta fi girman goro ba, ta danƙa masa.

"Mene ne wannan? Laya?"

"Sukari. Ka kai masa. Ka ce in ji Ni'imat 'yar tela, ga abin da ta manta."

Ya juya ƙullin a tafin hannu. "Teta, wannan ko tururuwa aka kai wa sai ta raina. Ki ba da kilo guda mana, mu shiga da mutunci."

"Na finjali ɗaya na hana shi, na finjali ɗaya zan aika. Ba roƙo na aike ka ba. Kada ka ce ina gaishe shi, kada ka ce na tuba. In ya tambaye ka ko na tsufa, ka ce a'a."

"In yi ƙarya a ranar neman aiki?"

"To me ka rubuta a takardar Turancin, gaskiya?"

"In ya sakar min karnukan fa?"

"Ka jefa musu takalmin, dama ya gama aiki. Kuma ka tsaya wurin mai aski, wannan gashin kamar an juye maka kwandon taliya a ka."

Ya sumbaci hannunta, ta ƙwace tana cewa zai shafa mata talauci, ya sauka da gudu.

Sai bayan la'asar ta ji muryarsa daga lungu. Tun azahar take barandar, tana kwashe shanya tana mayarwa, amma da ya kira sai da ta bari ya maimaita kafin ta leƙo.

"Wane ne? Ba ma sadaka yau."

"Makulli, Teta!"

"Labari tukuna. Ina cizon karen?"

Ya tsaya a tsakiyar lungu, an yi masa aski, ga leda a hammata.

"Mai gadi ya ce, daga ɓangaren wa? Na ce, daga ɓangaren Ni'imat 'yar tela. Ya ce shi bai san wata minista mai wannan sunan ba."

"Jahili."

"Na ce ya dai shiga da saƙon. Ya riƙe ƙullin da yatsa biyu kamar mataccen ɓera, ya tafi. Kafin in gyara tsayuwa sai ga shi ya dawo da gudu yana cewa, bismillah, Bashmuhandis, bismillah."

"Ya ce maka Bashmuhandis? Shi ma zolayar ka yake."

"Na tarar da Hagg ya buɗe takardar a kan tebur, ya zuba wa sukarin ido. Na ce shi ke nan, yanzu za a kira karnuka. Sai ya fashe da dariya. Teta, ya yi dariya har ya sarƙe, sai da aka kawo masa ruwa ana bubbuga masa baya."

"Kunnuwan fa?"

"Suna nan. Sun ƙaru ma."

"Na sani. Ya tambaye ka ko na tsufa?"

"Ya tambaya. Na ce bakin dai bai tsufa ba."

"Zan kama ka. Sai ya ce ka fara aiki?"

"Ina! Ya ce shi yanzu ɗan kallo ne, 'yarsa Injiniya Dalya ke riƙe da masaƙar, kuma ita ba ta shan sukari. Ta zaunar da ni ta yi min tambayoyi a kan zare da rini da inji har rigata ta jiƙe. Ta kai ni gaban wani inji da ke tsinka zare ta ce in faɗi abin da ke damun sa. Na farko na kuskure, ta harare ni, na biyu na dace."

Teta ta riƙe ƙarfen baranda da hannu biyu. "Ka daina ja min rai, ɗan banza. Sun ɗauke ka ko ba su ɗauke ka ba?"

"Ranar Asabar zan fara. Sashen rini, inda ya fi ko'ina zafi. Ta ce in na kai ƙarshen hutu ban narke ba, za mu yi maganar bayan kammalawa."

Umm Sabir maƙwabciyar Teta da ke sauraro daga tagar da ke fuskantar su ta rangaɗa guɗa, ita kuwa Teta ko motsi ba ta yi ba.

"Akwai saƙo kuma," in ji Hazim. "Zuro kwandon."

Kwando ya sauko, ya saka ledar, ya hau. Ta buɗe. Farin tawul ne sabo, mai kauri.

"Ya ce a ba ki, ki share hawayen nadama."

"Ɗaya? Mai masaƙa guda ya aiko da tawul ɗaya? Ka ga abin da nake gaya maka."

"Ke da kika aika da cokali biyu! Kuma ya ce ranar Juma'a bayan masallaci yana nan tafe, shi da 'yarsa, zai sha gahawarsa da aka riƙe masa. Sukarin ma ya ƙulle ya saka a aljihu. Ya ce da abinsa zai zo, don bai yarda da ke ba."

"Gidana? Wa ya gayyace shi? Da wannan labulen nawa?" Ta waiga ɗaki, ta juyo. "Gobe ka zo ka sauke min shi a wanke. Kuma ka biya wurin mai niƙa ka ce gahawar baƙi nake so, ba irin wadda nake ba ka ba."

"To. Makullin fa?"

Ba ta ji shi ba. Ta tsaya tana kallon sa daga sama, da sabon askinsa da tsohon takalminsa, wannan yaron da ta yi wa wanka yana jariri ga shi wai ranar Asabar zai tafi aiki. Daɗi ya cika ta har ya fi ƙarfinta, idanunta suka kawo ruwa, kuma abin da ke hannunta kawai ta samu ta kai fuska.

Hazim ya yi tsalle a tsakiyar lungu. "Umm Sabir, ki zama shaida! Ta share! Wallahi da tawul ɗin ta share! Ranar Asabar da shi zan fara gaishe da Hagg!"

"Rufe min baki, gwada kayan nake."

Ta sauke tawul ɗin daga fuska, ta kama gefensa, ta murza tsakanin yatsu a hankali, ta karkata kai wajen tagar Umm Sabir.

"Ka gaya masa," ta ce, "rabinsa ne auduga."

Dariya ta ƙwace mata har tana dafa ƙarfe. Sannan ta jefa makulli a kwando, ta ɗora sauran basbusar a kai, ta sake igiya.